Kyan fuska ko sauƙin aiki? Tambayoyi da amsoshi kan manhajojin zane da tace bidiyo, da batun sauya sheƙa

Masu zane, masu tace hoto da bidiyo da masu haɗa sauti sukan yi mini waɗannan tambayoyi, musamman a duk lokacin da wani kamfani ya sake wa manhajarsa fuska ko ya sauya yadda ake biyansa. Na amsa da abin da na gani a bakin aiki da kuma abin da tarihin manhajojin ya nuna.

Manhajar da ta fi kyan gani, ita ce ta fi sauƙin aiki?

Ido yana gaya wa mutum haka, kuma an daɗe da gwada wannan. A shekarar 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun tsara fuskar na'urar cirar kuɗi iri 26, suka nuna wa mutum 252. Suka ce kowa ya faɗi wacce ta fi kyau da wacce yake ganin za ta fi sauƙin sarrafawa. Sai aka ga waɗanda aka yaba wa kyau su ne kuma aka ɗauka masu sauƙi, ko da ainihin tsarinsu bai fi na sauran ba. Daga baya Noam Tractinsky ya maimaita gwajin a Isra'ila yana tsammanin abin ba zai yi ƙarfi a can ba, sai ma ya tarar ya fi ƙarfi.

Amma a lura da abin da aka auna. Zaton mutane aka auna, a kallon farko. Na'urar cirar kuɗi minti biyu za ka yi a gabanta ka tafi. Manhajar tace bidiyo kuwa wuni za ka yi a cikinta, gobe ka dawo, jibi ka dawo. Kyau yana sa mutum ya yi wa manhaja uzuri a ranar farko, ya jure ƙananan matsalolinta. Idan aka kai mako na uku, idon ya riga ya daina ganin kyan, abin da ya rage shi ne hannu, kuma hannu ba a yi masa kwalliya. Da yawa daga cikin masu cizon yatsa bayan sun sauya manhaja, kallon kitse suka yi wa rogo tun a hotunan talla.

To, me ake nufi da sauƙin aiki?

Abu biyu ne ake haɗawa a kalma ɗaya, kuma daga nan yawancin gardamar take tasowa. Akwai sauƙin koyo: baƙo ya buɗe manhaja, cikin rabin sa'a ya fitar da wani abu. Canva, manhajar tsara zane a intanet, ta shahara a nan. Akwai kuma saurin aiki a hannun wanda ya riga ya iya, wanda shi ne abin da ya sa masu tace manyan finafinai suka daɗe riƙe da Avid Media Composer duk da cewa baƙo kan ruɗe idan ya buɗe ta. Wanda zai tsara katin gayyata sau ɗaya a wata, na farkon yake bukata. Wanda sana'arsa ke nan, na biyun ne jarinsa.

Saurin aiki kuma ana iya ƙirga shi. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya isa wani wuri ya danganta da nisan wurin da kuma girmansa. Ƙaramin maɓalli da ke nesa ya fi babba na kusa cin lokaci. Idan mai tsara manhaja ya ƙanƙantar da maɓalli don allon ya yi fes, ko ya ɓoye shi a bayan ɗigo uku, ya ƙara maka dannawa ɗaya da neman ido ɗaya. A ce aikin da kake yi sau ɗari uku ne a rana. To an ƙara maka ɗari uku, kowace rana, har shekara. Shi ya sa ƙwararru suke rayuwa a kan madannai, wato maɓallan allon rubutu da ke gajarta aiki ba sai an ja linzami ba. Mai tace bidiyo yakan ajiye yatsu uku a kan J da K da L, ɗaya baya, ɗaya tsayawa, ɗaya gaba, idonsa kuma bai bar hoton ba.

Me ya sa manhajojin hoto da bidiyo kusan duk launin toka ne mai duhu? Ba za a ɗan ƙawata su ba?

Wannan wuri ne da kyau da aiki suka haɗu. Idon ɗan Adam ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi da abin da ke kewaye da shi. Ka ɗora launin toka a kan shuɗi sai ya yi kamar ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, ka ɗora shi a kan fari sai ya yi duhu. Idan gefen manhaja yana da launuka masu ɗaukar ido, za su ɓata maka hukunci a kan hoton da kake gyarawa. Saboda haka ake mayar da komai toka-toka, a bar aikin ya zama shi kaɗai ne mai launi a allon. Photoshop, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, ta koma fuska mai duhu a zubin CS6 na 2012, ta kuma bar wa mai so damar komawa mai haske.

Inda nake da ƙorafi shi ne inda aka wuce gona da iri: rubutu mai launin toka a kan toka, siriri, ƙanƙani, da alamomin kayan aiki da aka cire wa launi har suka zama kamar 'yan uwa ɗaya. A da mutum kan gane alama da gefen ido saboda launinta, yanzu sai ya tsaya ya duba. Ƙa'idar WCAG, wadda masu tsara shafukan intanet ke bi don masu raunin gani, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Ya kamata masu tsara manhajojin sana'a su riƙe wannan da muhimmanci, domin ba duk masu zane ne 'yan shekara ashirin ba, kuma ido yana gajiya da yamma.

Malam, duk lokacin da aka sake wa manhaja fuska sai mutane su yi ta kuka. Ba ƙin sabon abu ba ne kawai?

Wani kukan na sabo ne, yakan wuce cikin mako biyu. Wani kuma yana da dalili, kuma misalai biyu za su nuna bambancin.

A watan Yuni na 2011 Apple ta fitar da Final Cut Pro X, sabon zubin manhajarta ta tace bidiyo. An sake gina manhajar daga tushe, da sabon tsarin jera hotuna inda gutsattsarin bidiyo ke mannewa da juna da kansu. Fuskar ta yi kyau, kuma akwai tunani mai zurfi a cikin sabon tsarin. Amma a ranar da ta fito, ba ta iya buɗe ayyukan da aka yi a Final Cut Pro 7 ba. Ba ta da tace aikin kyamara da yawa a lokaci guda, ba ta kuma da hanyoyin da aka saba bi wajen miƙa aiki ga masu gyaran sauti da launi. A lokaci guda kuma aka janye tsohon zubin daga kasuwa. Ka yi tunanin ɗakin tace shirye-shirye mai ayyukan shekaru a ajiye, a wayi gari a ce sabuwar manhajar ba ta san su ba. Adobe da Avid suka yi maza suka yi rangwame ga masu son sauyawa, jama'a da yawa suka tafi. Apple ta dawo da tace kyamara da yawa a farkon 2012, ta ci gaba da cike giɓi, har manhajar ta zama abin da mutane da yawa ke yabo a yau. Sai dai waɗanda suka tafi sun riga sun horar da ma'aikatansu a wani wuri, kuma ba kowa ne ya waiwayo ba.

Blender, manhajar sassaƙa siffofi masu tsawo da faɗi da kauri a kwamfuta, ta bi wata hanya. Shekaru da yawa a cikinta da maɓallin dama na linzami ake zaɓar abu, saɓanin kusan kowace manhaja a duniya. Tsofaffin masu amfani da ita sun saba, suna ma kare tsarin, amma baƙi da yawa a nan suke juyawa tun a minti goma na farko. A zubin 2.80 na watan Yulin 2019 aka sake fuskar gaba ɗaya, aka mayar da zaɓi zuwa maɓallin hagu. Amma an bar wa tsohon hannu damar komawa na dama idan yana so, an kuma ƙara wani tsarin madannai mai kama da na sauran manhajojin sana'ar don masu zuwa daga waje. An daɗe ana fitar da zubin gwaji jama'a na taɓawa suna faɗin ra'ayi. A wannan shekarar ce kamfanin Epic Games, mai yin wasannin bidiyo, ya ba wa aikin tallafin dala miliyan 1.2.

Dukansu biyun sauyi ne babba, dukansu sun ƙara kyau. Ɗaya ya yanke wa mutane hanyar komawa ga aikinsu, ɗaya ya bar ƙofa a buɗe. Idan na ji ana kuka da sabuwar fuska, abin da nake tambaya shi ne: an ɗauke wani abu da mutane ke cin abinci da shi, ko kuwa wuri aka sauya masa kawai?

Idan manhaja tana aiki da kyau, munin fuskarta ba komai ba ne, ko?

Ban yarda ba. Sau da yawa abin da muke kira muni rashin tsari ne, kuma rashin tsari yana cin lokaci. GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, ta daɗe tana buɗewa da tagogi da yawa warwatse a allo, sai a zubin 2.8 na 2012 aka ba da damar haɗe su wuri ɗaya. Gyaran da ba ya taɓa ainihin hoton, wanda za ka iya dawowa ka sauya daga baya, sai a zubin 3.0 na watan Maris 2025 ya zo. Masu sa kai ne ke gina ta, sun cancanci godiya, amma mutanen da suka gwada suka bari a waɗancan shekaru ba ragwaye ba ne. Fuska mai tsari, inda abubuwa masu dangantaka suke zaune tare kuma tazara take daidai, tana rage wa ƙwaƙwalwa nauyi. Irin wannan kyan ina maraba da shi.

Ta yaya zan gane manhaja mai kyan ɗan maciji kafin na kashe lokacina?

Kada ka gwada ta da darasin da ya zo tare da ita, domin an tsara shi ne ya bi inda ta fi santsi. Ɗauko aikin da ka riga ka gama a tsohuwar manhajarka, wanda ya ba ka wahala, ka sake yin sa. Duba abubuwa biyar ko shida da ka fi maimaitawa, ka ƙirga dannawa nawa kowanne ke ci. Duba ko za ka iya sauya madannai yadda kake so. Yi kuskure da gangan ka ga baya nawa za ta iya komawa da kai. Loda mata babban fayil ka ga ko za ta fara jan ƙafa. Rufe ta ba zato ka ga ko ta adana maka aikin. Sannan ka fitar da aikin ka buɗe shi a wata manhajar, domin a nan ne za ka san ko gidan da kake shirin shiga yana da ƙofar fita.

Na shekara goma da manhaja ɗaya. In na yi tunanin barinta sai in ji kamar cin amana ne. Wannan wauta ce?

Ba wauta ba ce. Da ita ka koyi sana'a, da ita ka yi aikin farko da aka biya ka, yatsunka sun haddace ta har ba ka tunanin inda komai yake. Wannan sabo da ka yi dukiya ce ta gaske, shekaru aka yi ana tara ta. Wanda ya ce maka sabo turken wawa ne a nan bai auna abin da ke hannunka ba.

Sai dai ka bambance abin da kake wa biyayyar. Akwai gwanintar da ke hannunka, akwai jama'ar da kuka taso tare kuna koya wa juna, akwai kuma kamfani. Biyun farko naka ne. Na ukun ciniki ne ya haɗa ku, kuma tarihi ya nuna yadda kamfanoni ke kallon cinikin. FreeHand tana da masoya masu kishi a cikin masu zane. Adobe ta sayi kamfanin Macromedia, mai FreeHand, a 2005, a 2007 ta sanar da daina bunƙasa FreeHand, ta nuna wa mutane hanyar tata manhajar zanen, Illustrator. Masu ɗaukar hoto da suka tara dubban hotuna a Aperture, manhajar Apple ta adana hotuna da gyara su, sun ji a 2014 cewa Apple ta daina aiki a kanta. Babu wanda aka tambaya shekara nawa ya yi yana biyayya. Ba ina cewa kamfanonin mugaye ba ne, lissafinsu suke yi. Kai ma kana da damar yin naka ba tare da jin nauyi ba.

Akasin haka ma ya faru. A shekarun 1990 QuarkXPress ce ke riƙe da harkar tsara jaridu da mujallu kusan baki ɗaya. Da Adobe ta fito da InDesign a 1999 ba kowa ya ɗauke ta da muhimmanci ba. Amma InDesign ta riga ta shiga sabon tsarin kwamfutocin Apple, Mac OS X, a 2002, Quark kuwa sai 2003, ga kuma ƙorafin da abokan cinikinta suka daɗe suna yi. Cikin 'yan shekaru gidajen buga littattafai da mujallu suka yi ƙaura. Jama'ar da ake ganin ba za su taɓa motsawa ba sun motsa da aka kai su bango.

Tsarin biyan kuɗi wata-wata ne ya fi ɓata mini rai. In koma wadda ake saya sau ɗaya?

Fahimci abin da ya sauya tukuna. A 2013 Adobe ta sanar cewa CS6 ne zubi na ƙarshe da za a saya a mallaka, daga nan sai haya ta Creative Cloud. Ga kamfani mai ma'aikata da yawa wannan na iya zama sauƙi, kowa yana kan sabon zubi. Ga mai aiki shi kaɗai, wanda wani watan akwai aiki wani watan babu, abin da ya fi ciwo shi ne ranar da ya daina biya, ranar ce zai kasa gyara ayyukan da shi ya yi da hannunsa. A ƙarshen 2022 ma an ga wani salo na wannan, lokacin da aka cire yawancin launukan kamfanin Pantone, waɗanda ake daidaita launi da su wajen buga takardu, daga manhajojin Adobe, wasu suka buɗe tsofaffin fayiloli suka tarar launukan sun koma baƙi sai an biya Pantone kuɗi daban.

Saboda haka fushin yana da tushe. Abin da nake jan kunne a kai shi ne ɗaukar sabon kamfani a matsayin mai ceto. Mutane da yawa sun koma manhajojin zane da gyaran hoto na Affinity na kamfanin Serif da ke Ingila don gudun haya, a watan Maris 2024 Canva ta saye kamfanin. Wasu sun koma Figma, manhajar tsara fuskar manhajoji da shafukan intanet, a watan Satumba 2022 suka ji Adobe za ta saye ta a kan dala biliyan 20. Cinikin ya rushe a Disamba 2023 bayan hukumomin kula da gasar kasuwanci na Turai da Birtaniya sun nuna ƙin amincewa, amma sama da shekara guda masu amfani da ita suka yi ba su san makomarsu ba. Mai manhaja na iya sauyawa a kowane lokaci.

Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda kowa ke da damar duba yadda aka gina su ya kuma gyara, irin su Blender, Krita da Inkscape, sun fi ba da kwanciyar hankali ta wannan fuskar. Blender kanta ta kusa mutuwa tare da kamfanin da ya mallake ta, sai a 2002 Ton Roosendaal ya jagoranci jama'a suka tara sama da yuro 100,000 suka fanshe ta, aka sake ta ga kowa. Lasisinta ya hana a sake kulle ta. Amma ka tabbata wadda za ka koma tana yin abin da aikinka ke bukata, domin kyauta ba ta biyan asarar abokin ciniki.

Yaushe bai kamata in sauya ba?

A tsakiyar aiki mai wa'adi. A ranar da kake cikin fushi. Da kuma idan mutanen da kuke musayar fayiloli da su duk suna wuri ɗaya, kai kaɗai za ka fita. Idan mai gyaran sauti da mai gyaran launi suna jiran fayil iri kaza, fifikon sabuwar manhajarka zai ƙare ne a wajen juya fayiloli da neman abin da ya ɓace a hanya.

Na yanke shawara zan sauya. Ta ina zan fara?

Riƙe tsohuwar tukuna, ko da na wata biyu ne, ka fara da ƙaramin aiki wanda jinkirinsa ba zai jawo maka asara ba. Ka sa a ranka cewa makonnin farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, abin minti biyar zai ci rabin sa'a. Kowa haka yake ji, kuma ba shi ne ma'aunin manhajar ba.

Yawancin manyan manhajoji sun san da wannan, shi ya sa DaVinci Resolve, alal misali, take zuwa da tsarin madannai irin na Premiere Pro, Final Cut da Avid, ka zaɓi wanda ka saba. Yana taimakawa, amma da iyaka. Lokacin da na bar manhajar tace bidiyo da na daɗe a kanta, na ɗora wa sabuwar duk madannan tsohuwar, na yi makonni ina jin haushin cewa ba ta amsawa yadda nake so. Sai da na zauna da wani da ya tashi a kanta, na kalli hannunsa, na gane ita da wata hanyar take tunani. Abin da nake yi a mataki huɗu shi a ɗaya yake yi, ta wata ƙofa da ban taɓa nema ba saboda tsohuwar ba ta da irinta. Na mayar da madannai yadda suka zo, na bar guda shida kawai da yatsuna suka ƙi saki. Daga nan aikin ya fara tafiya.

Gwanintar da na tara za ta tafi a banza ke nan?

Wurin maɓallai ne kawai zai tafi. Sanin inda ya kamata a yanke hoto, yadda ake daidaita haske da inuwa, tazarar haruffa, wane sauti ne ya danne wani, duk waɗannan suna tare da kai. Shi ya sa ƙwararre kan kama sabuwar manhaja cikin wata guda ya wuce wanda ya shekara a kanta bai san sana'ar ba.

Tsofaffin ayyukana fa, yaya zan yi da su?

Wannan a yi shi tun kafin hayar ta ƙare, domin bayan ta ƙare ƙofa ta rufe. Kowane aiki mai muhimmanci a ajiye shi kashi uku: ainihin fayil ɗin manhajar, kayan da aka haɗa shi da su kamar hotuna, sautuka da nau'in haruffa, sai kuma gamammen aiki a siga da kowace manhaja ke iya buɗewa. Ga hoto TIFF ko PNG, ga zanen layi SVG ko PDF, ga sauti WAV tare da fitar da kowane layin sauti daban. Mai InDesign ya adana kwafi a sigar IDML, mai tace bidiyo ya fitar da jerin yankansa a XML ko AAF tare da kwafi mai inganci na gamammen fim ɗin.

Kada ka ɗauka juyawar za ta zo daidai. Manhajoji da yawa suna buɗe PSD, wato fayil ɗin Photoshop, amma wani lokaci rubutu kan daskare ya zama hoto, wasu kwalliyar da aka ɗora kan ɓace, launi kan ɗan gusa. Buɗe ayyuka uku ko huɗu mafi sarƙaƙiya a sabuwar manhajar, ka jera su kusa da na asali ka duba da idonka. Wanda ka ga ya lalace, ka koma tsohuwar ka fitar da sassansa ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta sunan haruffan da lambobin launukan a ƙaramin fayil, ka ajiye shi a jaka ɗaya da aikin.